Jarka Mai Mariƙi Uku

Shekaranjiya da safe ina zuba wa janareta mai, jarkar robar ta suɓuce mini, fetur ya wanke mini hannu har gwiwa. Na sa sabulu sau biyu, warin ya ƙi tafiya. Ina zaune ina shinshina yatsuna kamar wadda ba ta da aikin yi, sai na ji raina ya ɓaci, kuma ba don asarar man ba. Na san wannan ɓacin ran, tsohon abokin zamana ne tun ina 'yar shekara goma a gidanmu na Zuru. Ka yi dariya idan ka ga dama, amma mace ce mai 'ya'ya huɗu da furfura a gefen kai take gaya maka cewa har gobe tana kishi a kan jarka.

Gidanmu yana gindin dutse, a unguwar da da wuya ka ƙirga gida uku ba ka tarar da na tsohon soja ba. Namu sojan shi ne mahaifin babanmu, wanda muke kira Baba Tsoho. Ya dawo daga aiki da kafaɗar hagu wadda ba ta ɗaguwa, da irin Hausar nan ta bariki da ke ce wa kowa "kai", mace ko namiji. Da Kaka yarenmu yake yi, a hankali, amma mu jikoki da wannan Hausar yake ba mu umarni. Da abin da aka sallame shi ya sayi ƙaramin injin markaɗe mai shan fetur, ya kafa a rumfa a ƙofar gida, matan unguwa suna kawo gero da wake da tattasai. Wannan injin ne ya sa jarkar ta zama babba a gidan.

Ba irin jarkokin da ka sani ba ce. Ta ƙarfe ce, koriya, fentin ya goge a kusurwoyi har ƙarfen yana ƙyalli. Ya ce a gwanjon bariki ya saye ta. Murfinta ba a murɗawa, wani maƙalli ne ake ɗagawa, kuma shi da kansa yake yanka masa sabuwar roba daga tsohon tubun keke idan ta fara yoyo. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne mariƙanta guda uku a jere a sama. Mutum ɗaya ya kama na tsakiya. Idan ta cika ta yi nauyi, mutum biyu su kama na gefe da gefe, su jera. A ƙarƙashin rumbu take kwana, cikin inuwa, nesa da murhu, kuma ko babanmu sai ya nemi izini yake taɓa ta.

A gidanmu kowane mai da mazubinsa, ba a haɗawa ko da wasa. Fetur na jarkar ƙarfe ne. Kananzir na wani farin galan ne da Kaka ta ɗaura wa baƙin tsumma a wuya don kada wani ya ɗauka na ruwa ne. Daga galan ake tsiyayawa a kwalba, a toshe bakinta da totuwar masara, a zagaya ɗakuna ana cika fitilu kafin magariba. Wannan kwalbar ita ce rabona. Ni ce 'yar kwalba. Totuwar kullum a jiƙe take, ta ɓata mini riga, kuma ban taɓa jin wanda ya ce sannu don na cika fitila ba, sai dai faɗa idan na zubar.

Mai jarka kuwa taubashiyata ce, 'yar Gwaggo. Gwaggo tana aure a Bena, sai aka kawo yarinyar gidanmu don makaranta. Sa'ata ce, wata uku na ba ta. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, muna tsokanar juna irin ta taubasai, ni in ce mata baiwata, ita ta ce mini baƙar tukunya. Ba ni da abin da zan riƙe ta da shi, sai ranar Asabar.

Kowace Asabar, da an sha kunu, Baba Tsoho zai sa takalminsa, ya sunkuya ƙarƙashin rumbu ya jawo jarkar. Sai ya tsaya tsakar gida ya ce, "Kai, taho." Mu biyu muke ɗaga kai. Haɓarsa kuwa wuri ɗaya take nunawa, kullum. Ita za ta tashi ta ɗauko mazurari da ƙyallen tace mai, su fita. A tafiya shi yake riƙe da jarkar tunda babu komai a ciki. A dawowa, saboda kafaɗarsa, sai ya kama mariƙi ɗaya da hannun dama, ita ta kama ɗayan, su taho a jere ta bakin kasuwa, ta gaban majami'a, mutane suna gaishe su. Ya ƙi baro, ya ƙi a ɗora wa kowa a ka. Ya ce fetur ba ya hawa kan mutum.

Ni kuwa ina kan dutsen bayan gida, inda ake hango hanya, ina kallonsu kamar ba kallonsu nake ba. Da bazara zafin dutsen yana cin ƙafata, da damina gansakuka tana neman kayar da ni, amma ban fasa hawa ba. Ƙosan da yake saya mata ba shi ya dame ni ba, tana rago mini ma. Abin da ya dame ni shi ne bakinsa da nake hangowa yana motsi. Mutumin da zai yini a gida bai yi jimla goma ba, a kan hanyar nan hira yake yi. Ita kaɗai ta san yadda aka yi kafaɗarsa ta lalace. Ita ta san sunan abokinsa da bai dawo ba, da garin da ya fara ganin teku. Takan dawo tana warin fetur, ta kwanta kusa da ni ta ce, "Kin san abin da Baba Tsoho ya faɗa yau?" Sai in juya mata baya in ce barci nake ji, alhali kunnena a buɗe yake har ta yi shiru.

Na nemi dalili har na gaji. Na ce ko tsayi ne, na ja ta jikin bango muka gwada, na fi ta da yatsa biyu. Na ce ko ƙarfi ne, alhali ni nake ɗora mata tulu a rafi. Na tambayi Inna, ta ce, "Baƙuwa ce, uwarta ba ta kusa. Ke me kika rasa?" Ban iya gaya mata abin da na rasa ba. Ni ce 'yar ɗansa, a ɗakin da ke kallon nasa aka yanke mini cibiya, amma 'yar Bena ce ta san labarinsa.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban taɓa jin haushin Baba Tsoho ba a lokacin, duk a kanta na sauke. Wata Asabar na ɓoye mata silifa a cikin akurkin kaji. Na ce tunda soja ba ya jira, dole ya waiwayo ni. Sai ya jawo kujera ya zauna, jarka a gabansa, har rana ta take, har aka gano silifan duk kashin kaji. Ta wanke, suka tafi. Ni ce ma na taya ta nema, ina ta ɗaga tabarmi da fuskar tausayi.

Damata ta zo a hutun damina, shekarar da muke aji biyar. Ranar wata Juma'a da sassafe mijin Gwaggo ya zo da babur ya ɗauke ta, za ta yi wata guda a Bena. Na ɗaga mata hannu har suka sha kwana, kuma Allah ya sani ban taɓa yi wa wani fatan sauka lafiya da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Gobe Asabar, jarka babu mai tun jiya, kuma babu wata jika a gidan da ta kai ta kama mariƙi sai ni.

Amma ban so a kira ni don babu kowa ba. So nake ya ga bambanci, ya gane shekara da shekaru asara yake yi. Da azahar, manya duk suna gona, Baba Tsoho yana gyangyaɗi a rumfa, na jawo jarkar zuwa bayan ɗaki. Na ɗaga murfi na leƙa, na ga baƙin dauɗa a gindinta, na ce dubi ƙazanta, ita taubashiyata ba ta taɓa tunanin wankewa ba. Na yanko sabulun wankin Inna na jefa, na zuba ruwa, na rufe, na yi ta jijjigawa ina mirgina ta a ƙasa. Na ɗauraye sau uku. Na kifa ta, ruwa ya zuba har ya koma ɗiga. Ban san bakin irin wannan jarkar yana da wani lanƙwaso ta ciki da ke riƙe ruwa ba. Na goge bayanta tas, na rufe murfi gam, na mayar da ita wurinta.

Da safe ya jawo ta, ya tsaya tsakar gida. Na ga idonsa ya je wurin da taubashiyata ta saba zama, sannan ya dawo kaina. Ya ce, "Kai, taho." Na ɗauko mazurari na bi shi, ina jira ya lura da yadda jarkar take sheƙi. Bai lura ba.

Gidan mai a cike yake, zamanin ƙarancin fetur ne. Layin motoci daban, na babura daban, na jarkoki ya miƙe har bakin kwalbati, wasu an ajiye su da dutse a kai masu su sun tafi neman inuwa. Galan-galan na roba ne duk, fari da shuɗi da ruwan ɗorawa, tamu ce kaɗai ta ƙarfe, kuma na tsaya kusa da ita yadda kowa zai san da wa ta zo. Da layi ya zo kanmu ya ce wa mai zubawa kada ya cika ta har baki, a bar mata wurin numfashi. Ya rufe, ya kama mariƙinsa, ya nuna mini nawa.

Ashe nauyi ne da ita haka. Ƙarfen ya shige mini tafin hannu, kuma takuna da nasa suka ƙi haɗuwa, kowane taku sai kusurwarta ta doki ƙaurina. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, dawa ta kai ƙugu a gonakin bakin hanya, duwatsu sun yi kore shar. Na buɗe kunne ina jiran labarin teku. Muka wuce kasuwa, muka wuce majami'a. Abin da ya faɗa tun daga gidan mai har ƙofar gida kalma biyu ce: "Daidaita ƙafa."

Mun tarar da mata a rumfa da bokitai. Maƙwabcinmu yana da gayya washegari, za a yi masa noma, an jiƙa gero mai yawa na kunun 'yan aiki. Baba Tsoho ya ɗora mazurari, ya shimfiɗa ƙyalle, ya karkata jarka ya cika tanki. Ya ja igiya, inji ya tashi. Bokiti ɗaya bai ƙare ba ya fara tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu. Ya ja, ya ja, har gumi ya jiƙa masa riga. Matar maƙwabci ta fara salati, don jiƙaƙƙen gero ba ya jiran kowa, tsami yake yi.

Aka kira bakanike. Ya kwance kafireto, ya tsiyayi man a farar kwalba ya ɗaga ta sama. Ko ni na gani: fetur a sama, wani farin ruwa gurɓatacce kwance a ƙasa. Baba Tsoho ya miƙe zai koma gidan mai, yana cewa yau za su san sun cuci soja. Bakaniken ya shinshina, ya murza da yatsa ya ce, "Baba, dakata. Wanga ruwa da sabulu ciki. Gida anka yi shi."

Ban taɓa ganin fushinsa kamar na ranar ba. Ya tara mutanen gida a tsakar gida, ya zare bel ɗinsa ya naɗe a hannu. Ya ce shekara ashirin ruwa bai shiga jarkar nan ba, kuma ko wane ne, ko ɗan da ya haifa ne, sai ya ɗanɗana. Matan bokiti suna leƙowa ta zaure. Kaka tana yi masa magana da yare, bai ko dube ta ba. Ƙaurina yana zafi, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce taubashiyata ce, na gan ta tana wankewa jiya kafin ta tafi.

Ba tsoron bel ne kaɗai ya sa ni ba, kada in yi maka ƙarya kai ma. Akwai wani sashe na zuciyata da ya yi murna. Na ce yau za ta faɗo, in ta dawo ta tarar an ba wata mariƙinta.

Sai na ga fuskarsa tana saki. Hannun da ya naɗe bel ya sauka. Ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda ban taɓa samu daga gare shi ba. Ya ce, "Yaron nan! Tsabta ya yi mashi yawa. Shi gani yake alheri ya yi." Ya juya ga bakanike ya ce a wanke injin, Allah ya kiyaye gaba. Ya fara mayar da bel a ƙugunsa.

Na tsira, ka gani. Babu duka, babu faɗa, kuma kafin ta dawo an manta. Amma wannan dariyar ta fi bel zafi. Aikina ne, gumina ne, ni na yi tunanin, ni na yi alherin, ga shi an miƙa mata tana can Bena ba ta san ana yi ba. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na ce, "Ni ce! Ni na wanke! Ni na ga alheri ne!"

Ya dube ni, dariyar ta tafi kamar ba a yi ba. Ya ce, "Kai? Kai da wayonka?"

Na ce, "Da ita ce ai dariya kake yi."

Inna ta kai mini hannu a baki kafin in rufe shi, don ba a yi wa babba irin wannan magana a gidanmu. Amma ta bayan hannunta ina kallonsa, ina jira ya ce ba haka ba ne, ko ya ce duk ɗaya muke, ko da ƙarya ce. Bai musa ba. Ya ɗauki jarkarsa ya fita wajen bakanike.

Bai dake ni ba. Ni na yi ta jigilar bokitan gero a ka zuwa wani inji a ƙetaren kasuwa har la'asar, matan suna tsokanata da mai wankin fetur, sunan da ya bi ni har na gama firamare. Aka bar man ya kwanta aka tsiyaye na sama, aka ɗauraye jarkar da ɗan fetur, aka shanya ta a rana baki buɗe. Asabar uku da suka rage na hutun, rabi-rabi yake sayowa, ya riƙe ta shi kaɗai da mariƙin tsakiya, yana tafe yana karkacewa. Da taubashiyata ta dawo ta ji labari, ba ta yi fushi da ƙaryar da na yi mata ba, dariya ta yi ta yi har da riƙe ciki. Na so a ce ta yi fushin.

Ina makarantar horon malamai ya rasu. Bai bar wasiyya a kan gona ko inji ba, ya san 'ya'yansa za su daidaita. Abu ɗaya ya ambata da bakinsa, Kaka ta shaida, wai jarkar a ba 'yar Gwaggo.

Zuru ta canja. Gidajen mai sun yi yawa, a kowace kwana akwai mai tebur da fetur a gorunan ruwa, jarkokin roba kuma ko'ina, a ɗaure bayan babur huɗu-huɗu. Wadda ta fashe a yar, a sayi wata. Fitilar kananzir ta zama tarihi, 'ya'yana ba su san me ake toshewa da totuwa ba. Na koyar da yara shekara ashirin, na sha gaya wa iyaye kada su fifita wani ɗa a kan wani, kuma na san zuciya ba ta jin wannan wa'azin. Na daina ganin laifin Baba Tsoho. Mutum ne, ya so wata fiye da wata, bai kuma iya ƙarya ba.

Bara na je gida biki, na biya wurin taubashiyata. Sun dawo Zuru da mijinta tun da hanyar Bena ta ƙi daɗi. Muna hira a tsakar gida sai na hango jarkar. An tokare ƙofar garken awaki da ita. Tsatsa ta ci gindinta, murfin ya ɓalle yana reto, kaji sun yi mata ado. Da ni aka ba, da tana ɗakina a kan tebur.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Au, tsohuwar nan? Ɗauki mana in kina so, baƙar tukunya. Ni me zan yi da ita? Sai dai ki bari in samo dutsen da zan tare ƙofar."

Haka kawai, kamar mai ba da ragowar tuwo. Shekara talatin da wani abu ina son jarkar nan, ga ta an ce in ɗauka. Na tashi na je har gabanta na tsaya. Sai na ga in na ɗauka, kyautar 'yar Gwaggo na karɓa, shi kuwa wanda nake so ya ba ni ya riga ya faɗi wadda ya zaɓa. Na ce mata ta bar ta, motar ta cika da kaya. Ta raka ni har bakin mota, ta ga bayan babu komai sai jakata, ta dube ni, ta rufe mini ƙofa.

Muna zumunci, ina sonta, ita ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwar autana. Amma har yau idan ta kira ni a waya, sai na bari ta yi ƙara sau uku kafin in ɗauka.